Laifin da Ta Nemo wa Kawu

A layinmu ko yara ba su san sunanta na gaskiya ba. Uwar Fayil ake ce mata, tun tana harara har ta gaji ta koma amsawa. Gidanta ne mai koren ƙyaure, wanda in ka wuce da ƙarfe shida da rabi na safe za ka ji muryarta tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, wanda bai amsa da wuri ba sai ya kawo dalili. Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai sanyin hali. Shi da bakinsa ya faɗa cewa ranar da ya fara zuwa wajenta sai da ta tambaye shi inda yake hango kansa nan da shekara biyar. Ya ce mata, "A kan hanya." Ta ce amsar ba ta yi kyau ba, amma akwai gaskiya a ciki. Ta ɗauke shi.

Ita ce mai kula da ma'aikata a kamfanin roba na bayan tasha, inda ake buga bokiti da baho da kujerun nan masu baje ƙafa in mai jiki ya zauna. Kada ka ganta yau da tabarau a wuya ka ɗauka a ofis aka haife ta. Da wuƙa ta fara, tana kankare bakin bokiti in ya fito daga inji da gemu. Shekara huɗu tana wannan, har aka lura duk kamfanin ita kaɗai ta san wa ya zo, wa ya makara, wa ya sa abokinsa ya sa masa hannu a littafi yana gida yana barci. Aka ce to, ga littafin. Daga littafi ta shiga makarantar ƙarshen mako, ta fito da takarda, aka ba ta tebur da kujera mai juyawa da kabad mai aljihu huɗu, cike da asirin mutum ɗari da goma sha bakwai.

In ka tambaye ta wai mene ne aikin nata, tunda ba ta buga ko murfin bokiti, sai ta gyara zama ta ce, "Mutum nake ɗauka, in nuna masa inda zai tsaya, in riƙa leƙawa ko ya tsaya. In ya karkace in miƙar da shi. In ya ƙi miƙuwa in raka shi ƙofa da mutuncinsa." Mutanen layi ƙofar kawai suka riƙe. Kuma suna da ciwonsu. Ka je mata da takardun ɗanka, za ta ba ka ruwa mai sanyi, ta tambayi ƙafar kakarka, sannan ta ce ya zo ranar Talata a yi masa tambayoyi kamar kowa. Wannan "kamar kowa" ɗin ya kashe zumunci a layin nan ya fi a ƙirga.

To, a cikin mutum ɗari da goma sha bakwai ɗin nan akwai kawunta, yayan mahaifiyarta. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar ubanta, shi kuma ya kai ta kamfanin ya sa aka ba ta wuƙar kankara. Shekara ashirin da shida yana kan inji na uku. Bai taɓa makara ba, bai taɓa faɗa ba, ko zazzaɓi sai ranar hutu yake kama shi. Fayil ɗinsa siriri ne kamar na mai jinya: takardar ɗaukarsa aiki, da hotonsa na zamanin da yake da gashi, shi ke nan. Kuma ya san da haka. In ana hira sai ya ce, "Ku je ku tambayi 'yar nan abin da ke cikin nawa. Iska ce." A gida "ke 'yar nan" yake ce mata. A kamfani kuwa in ta zo wucewa sai ya ƙame, ya sara mata, ya ce, "Ranki ya daɗe, Madam," da wata irin murya da ba za ka iya kai ƙararta ba.

Wata Laraba Manaja ya kira ta ofishinsa. Ya ce sababbin injuna sun iso, masu allo mai haske da maɓallai, kuma inji na uku da 'yan uwansa za a kwance su. Malamin da zai koyar da sabon injin zai zo Litinin, kwana biyar zai yi, mutum biyar zai ɗauka. Duk mai inji da bai samu sa hannun malamin ba, ƙarshen wata sallama.

"Ki zaɓo masu jini a jika," in ji Manaja. "Tsohon nan naki kuwa, sai ki fara lallashinsa."

"Yallaɓai, a nan ba nawa ba ne, na inji na uku ne, kuma fayil ɗinsa fari ne tas," ta ce. Ta buɗe littafin kayan da suka lalace ta juya masa. "Duba nan. Wata shida, bokitinsa huɗu ne suka fito a karkace. Mai bi masa yana da sittin da ɗaya. In ƙuruciya ake nema, mai sittin da ɗayan yana da ita."

Manaja ya duba, ya sosa ƙeya. "Na ji. Ki sa shi. Amma in ya tsallake ko kwana ɗaya, ke za ki rubuta masa takardar sallama da hannunki."

Ta fito zuciyarta fes, ta zauna ta rubuta sanarwa a gaggauce, don an kusa tashi. Abin da ke ranta shi ne: waɗannan mutum biyar za a ba su horo na kwana biyar. Abin da hannunta ya rubuta kuwa: za a yi musu horo na kwana biyar. Kowa ya sani, wanda aka ba horo koya masa aka yi, wanda aka yi wa horo kuwa ya ja wa kansa ne. Matar da take kama kuskuren kwanan wata a takardar likita daga nesa, ita ce ta yi wannan. Bai isa ba, allon sanarwa na ciki ya cika, sai ta manna takardar a na bakin ƙofa, inda aka saba manna sunayen masu laifi. Bai isa ba dai, sunan da ke ƙarƙashin na Kawu na Agogo ne, wani gwanin inji da aka yi wa laƙabin don bai taɓa zuwa a kan lokaci ba.

Kawu ba ya karatu sai da tabarau, tabaran kuma ba ya fita da su don kada a ce ya tsufa. Da safiyar Alhamis ya iske mutane cunkushe a bakin allo, suna ganinsa suka dare. Maigadi, wanda ya shekara goma sha biyar yana jiran irin wannan rana, ya ce, "Baba, in karanta maka?" Bai jira amsa ba. Ya yi gyaran murya, ya karanta da ƙarfi yana jan kowane harafi, da ya zo kan "a yi musu horo" sai ya maimaita, wai ko na baya ba su ji ba.

"Baba, me ka yi haka?" in ji wani.

"Kwana biyar fa! Ko ni da na ƙona injin wancan karon kwana biyu aka ba ni."

Agogo ya iso a makare kamar kullum, ya ga sunansa, ko a jikinsa. Ya dafa kafaɗar Kawu ya ce, "Kada ka damu, Baba, na san hanya, zan riƙe maka hannu."

Kawu ya zame kafaɗarsa. Ya juya, ya fita ta ƙofar da ya shigo, karo na farko a shekara ashirin da shida da rana ta gan shi a titi da ƙarfe takwas na safe.

Kafin Uwar Fayil ta cire takardar ta gyara, labari ya riga ya shiga mota ya isa layi. Wayarta ta yi ƙara, mahaifiyarta ce.

"Ke! Yayan nawa za ki yi wa horo? Yayan da ya saya miki takalmin makaranta? Tsallen kwaɗo za ki sa shi ko kama kunne?"

"Mama, kuskuren rubutu ne."

"To ki je ki faɗa wa rubutun ya ba shi haƙuri."

Ana tashi daga aiki ta wuce gidan Kawu. Ta same shi a tsakar gida kan tabarma, ya haɗe girar sama da ta ƙasa, rediyo a gefensa a kashe. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa wa bango.

"Kawu, wallahi ba hukunci ba ne. Hannuna ne ya zame. Horo za a ba ku, ba yi muku za a yi ba. Sabon inji aka kawo, malami zai zo ya koya muku. Ni na sa sunanka, don ka fi kowa."

Ta zaci fuskarsa za ta saki. Sai ta ga ta ƙara ɗaurewa. Ya juyo a hankali.

"Koya wa wa?"

"Ku biyar, Kawu."

"Ni za a koya wa inji?" Ya nuna ƙirjinsa. "Ni? Ke 'yar nan, ranar da na fara taɓa inji, malamin naki ko rarrafe bai fara ba. Ina jin ƙarar inji daga bakin titi in gaya miki abin da ya ci. A zaunar da ni a benci da littafi, ni da Agogo, a ce in ɗaga hannu in zan fita fitsari?"

"Kawu, in ba ka je ba sallamarka za a yi. Kuma ni za a sa in rubuta."

"Ki rubuta. Ki dai kula da hannun naki kada ya sake zamewa ki ƙara min girma." Ya ja tsaki. "Ai gara na farkon. Da laifi na yi, in tsaya in karɓi hukuncina, kowa ya san namiji ya yi kuskure ya biya. Amma a ce ban iya ba? Gobe zan zo in kwashe kayana."

Ta yi magiya, ta kawo zancen 'ya'yansa biyu da ke makaranta, ta kawo zancen cewa mai shekarunsa ba ya samun wani aikin. Ya kunna rediyo. Ta tashi ta kama hanyar fita.

A bakin ƙofar ɗakinsa ta tsaya neman takalminta, sai idonta ya faɗa kan wasu guda biyu a jere. Ɗaya takalmin aiki ne na kamfani, mai ƙarfe a baki, an goge shi yana ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Shi Kawu yake sawa in zai je gaisuwa ko taron dangi. Ɗayan kuwa silifa ce, duk ta yi tabo-tabo inda narkakkiyar roba ta ɗiga. Ta daɗe tana kallonsu. Ta san silifar nan. Shekara da shekaru tana wucewa ta inji na uku tana ɗaga kai sama kamar mai duba rufi, don kada ta ganta.

Mijinta ya ce ranar ko abinci ba ta ci ba, tana ta buɗe littafin dokokin kamfani tana rufewa. Ya tambaye ta lafiya, ta ce, "Mutum nake so in ɓata wa suna." Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a," ya ja jikinsa.

Da safiyar Juma'a Kawu ya zo da buhu zai kwashe kayansa. Maigadi ya tare shi ya ce Madam tana nemansa a ofis, yanzu-yanzu. Ya shiga, ya ƙame, ya sara.

"Ranki ya daɗe, Madam."

Ba ta ce masa Kawu ba, ba ta kuma ce ya zauna ba. Ta ɗora tabarau a hanci, ta jawo siririn fayil ɗin nan ta buɗe.

"Mai inji na uku, zancen koyo an soke shi, tunda ka ce ba ka so. Yanzu maganar laifi ce. Doka ta goma sha huɗu ta ce duk mai aiki a kan inji ya sa takalmin da kamfani ya ba shi. An ba ka?"

Kawu ya kau da kai.

"An ba ka, ko ba a ba ka ba?"

"An ba ni."

"Yana ina?"

"Yana gida."

"Me yake yi a gida?"

"Yana hutawa."

"Mene ne wannan a ƙafarka?"

Kawu ya sunkuya ya kalli silifar kamar yau suka fara haɗuwa. "Takalmin nan naku zafi gare shi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yatsuna ba sa numfashi."

"Tun yaushe kake aiki da silifa?"

"Tun kina kankare bokiti. Kuma kin gani."

"Yau na gani," ta ce. Ta tura masa takarda. "Gargaɗi na farko. Hukuncinka kwana biyar, daga Litinin. An ɗauke ka daga kan inji. Za ka zauna a ɗakin taro daga takwas zuwa huɗu, a kujerar gaba, cikin takalmi, gaban baƙon da zai zo. Ba fita, ba gyangyaɗi. Duk abin da ya ce a yi, ka yi. In ka tsallake kwana ɗaya, ka gudu daga hukunci ke nan, kuma haka zan rubuta."

Kawu ya dube ta, ya dubi takardar, ya sake dubanta. Ba yaro ba ne, ya ga ramin sarai. Amma laifin nasa ne, ba ƙage ba, ga shi nan a ƙafarsa. Kuma a ce ya gudu daga hukunci, Maigadi ya karanta wannan a bakin ƙofa? Ya miƙa hannu.

"Ba ni biro. Zalunci ne dai, amma ba ni biro."

Ya sa hannu, ya sara, ya fita da buhunsa wayam. Ita kuwa ta ɗauki takardar ta huda ta, ta sa a fayil ɗin da ya shekara ashirin da shida babu tabo, ta rufe ƙofa, ta ɗan jima ba ta buɗe wa kowa ba. Kafin azahar labari ya zaga cewa Madam ta kama kawunta da silifa. Mutum goma sha tara suka nemi izinin zuwa gida, kowa wai cikinsa ya ɓaci, kowa kuma ya dawo da takalmi.

Manaja ya leƙo ya ce, "Ba ke kika ce min fayil ɗinsa fari ne tas ba?"

"Shekaranjiya fari ne, Yallaɓai."

Litinin tun bakwai da rabi Kawu yana kujerar gaba, takalmi yana ƙyalli, hannu a harɗe a ƙirji. Malamin ya shigo, wani siriri mai yawan murmushi, ya ce kowa ya faɗi abin da yake fatan samu a kwanakin nan. Kawu ya ce, "Ni ɗaurarre ne. Ka yi aikinka." Ranar ko kallon allon bai yi ba, sai ta wutsiyar ido.

Talata aka kai su gaban sabon injin. Malam yana bayani, allo yana nuna komai lafiya, sai Kawu ya shaƙi iska ya ce, "Robarka ta ƙone." Malam ya ce allo bai faɗa ba. Kawu ya ce, "Allo ba shi da hanci." Aka buɗe, ga roba ta fara baƙi. Malam ya riƙe baki, ya ce Baba ya nuna masa yadda ya gane. Kawu ya ce shi ba koyarwa aka kawo shi ba, amma tunda an tambaya. Daga nan ciniki ya faɗa: malam ya nuna maɓalli ɗaya, Kawu ya biya shi da sirri ɗaya. Laraba sai ga tabarau sun fito daga aljihu. Agogo ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya ce, "Cikin hukuncin ne."

Uwar Fayil ba ta shiga ɗakin ko sau ɗaya ba. Amma a makon nan ta wuce ta tagar ya fi sau talatin, kullum da takarda a hannu kamar mai zuwa wani wuri, alhali bayan tagar ba komai sai tankin ruwa.

Juma'a aka yi gwaji. Kawu ya tsaya gaban allo, ya danna da yatsa ɗaya kamar mai taɓa wuta, inji ya yi nishi ya tofo bokiti sumul, ba gemu ba karkata. Ya sake, ya sake, har goma. Malam ya sa hannu a takardarsa kafin ta kowa. Ƙarshen wata aka kwance inji na uku, Kawu ya koma kan sabon, da takalmi.

Ita ce ta kwashi kashinta a hannu. Mahaifiyarta ta yi mako uku in ta gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, alƙali." Matar Kawu ta daina aiko mata da komai. A layi kuwa in yaro ya ƙi wanka sai uwarsa ta ce za ta kira matar da ta ɗaure kawunta. Shi kansa Kawu duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ba shi labarin yadda 'yar da ya raina da hannunsa ta tsare shi kwana biyar a kan silifa, da yadda ya yi zaman nan bai roƙi kowa ba. Ba ta taɓa gyara masa labarin ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Doka ce."

Wata biyu bai taka ofishinta ba. Sai wata ranar Talata da rana, tana cikin tantance takardun masu neman aiki, aka ƙwanƙwasa. Ya shigo, ya rufe ƙofa da kansa, bai ƙame ba, bai sara ba. Ya ja kujera ya zauna, yana kallon kabad.

"Ke 'yar nan."

"Na'am, Kawu."

"Na ji an ce siririn nan zai dawo wata mai zuwa, wai zai nuna yadda ake canza injin daga bokiti zuwa kujera."

"Haka ne. Mutum uku zai ɗauka."

"Hm." Ya murza hularsa. "Akwai wani shafi a allon nan, in na shiga ba na iya fita sai na kashe injin gaba ɗaya. Ba wai ban iya ba ne."

"Na sani, Kawu."

Ya miƙe, ya kama hannun ƙofa, sannan ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Safar hannun da kuka raba, tawa tana gida tun ranar. Matata tana sauke tukunya da ita. In kin zo zagaye gobe, ki daina kallon rufi."